Rasuwar Gwaggo, Mai Riƙon Fayilolin Asibiti

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Injiniyan asibitinmu yana sanar da likitoci, ma'aikatan jinya da duk mai kati a nan rasuwar Gwaggo, babbar kwamfutar nan da ake kira saba, wadda ta riƙe fayilolin marasa lafiya shekara goma sha ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi, masu awon ciki suna kan layi, kuma ta tafi da fayilolin gaba ɗaya.

Injiniya ne ya zaɓo ta da hannunsa. A lokacin Babban Likita ya so mai ƙyalli da suna, shi kuwa ya kafe: "Ranka ya daɗe, rumbun bayanai ba ruwansa da ado. Ƙwaƙwalwa mai faɗi yake so, da faifai mai saurin karatu." Kuma gaskiyarsa ce. Kafin mai ba da kati ta ɗaga yatsa daga lambar mutum, Gwaggo ta kawo tarihinsa, har da maganin da jikinsa ba ya so. Ba ta taɓa cewa a dawo gobe ba. Maganarta ɗaya ce, huuu, daga ɗan ɗakinta mai sanyi a bayan wurin karɓar magani, sai ƙit-ƙit idan aiki ya yi yawa.

A wuri ɗaya tak wayon Injiniya ya yi masa yawa. Ya sa mata faifai biyu, kowanne yana kwafar ɗan'uwansa, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe gida. Amma da yake mutum ne da ko biro biyu ba ya sawa a aljihu sai launinsu ɗaya, sai ya ɗauko su daga kwali ɗaya, ƙirar rana ɗaya. Tare suka fara juyawa, tare suka tsufa. Na farko ya kwanta ranar Asabar. Injiniya ya samo sabo, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ana cikin kwashe kaya daga na biyu zuwa sabon, nauyin ya fi ƙarfin tsoho, ya yi ƙara sau uku ya bi ɗan'uwansa. Da aka je neman kwafin ajiya, ashe shi ma a cikin Gwaggo yake kwana.

Ta rasu ta bar firinta biyu, da kwamfutoci tara da suka yi jugum, da batirin ko-ta-kwana wanda har yanzu bai san an yi rashi ba, yana ta ba gawa wuta. Ta bar Injiniya, wanda tun ranar ya kasa haɗa ido da mai ba da kati. Ita ce ma ta tare shi a ƙofa ta ce, "Haba Yaya, ka ci abinci mana, ba da gangan ka yi ba."

Za a zare mata waya ranar Alhamis da ƙarfe goma, a lulluɓe ta da leda a kai ta sito. Ana karɓar gaisuwa a tagar kati. Kowa ya zo da tsohon kwalin maganinsa, ya faɗi ciwonsa tun daga farko, Injiniya da kansa zai rubuta a takarda.

Masu rai za su iya zuwa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa ba mai sake ba da labarinsu. A cikinsu akwai mahaifiyar Injiniya, wadda yakan buɗe fayilinta kowace safiya kafin ya fara aiki, don kawai ya ga inda likita ya taɓa rubuta cewa ta samu sauƙi.