Wa'azin Filibus a Bakin Kwano

Duk wanda ya san Filibus kafinta ya san ba ya yin abu rabi da rabi. Wata Lahadi fasto ya ce kowa ya duba wurin aikinsa, ya samo mutum ɗaya ya kawo coci mako mai zuwa. Jama'a na ta sunkuyar da kai, sai gogan naka ya miƙe ya bugi ƙirji, ya ce shi Baba Habila zai kawo. Coci ya kaure da tafi, don kowa a garin Bukur ya san Baba Habila. Shi ne babba a shagon kujerun da Filibus yake aiki, kuma rabonsa da ƙofar coci tun ranar ɗaurin aurensa. 'Yan zumuntar mata har suka ce za su shirya waƙar tarbarsa. Sai da Filibus ya isa gida ya gane ya ɗebo da zafi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To, shagon kafinta ba wurin wa'azi ba ne. Ga zarto, ga guduma, ko sunanka aka kira sai an haɗa da jifa. Lokaci ɗaya kawai ake jin juna, wato lokacin cin abincin rana. Su biyar ne a shagon, kuma kwano ɗaya suke ci: tuwon shinkafa da miyar taushe, da tsoka biyar a kai. Dokar kwanon tsohuwa ce, ba a taɓa nama sai tuwo ya ƙare, sannan Baba Habila ya raba wa kowa nasa.

Ranar Litinin Filibus ya buɗe wa'azi a bakin kwano. Wa'azin kam ba laifi, yana da daɗin baki, kuma har zuciyarsa yake yi. Matsalar hannunsa ce. In magana ta yi masa daɗi sai hannu ya faɗa kwano shi kaɗai, ya dawo da tsoka, bakin ya karɓa ba tare da ya sanar da mai shi ba. Ranar farko tsoka ɗaya ta tafi. Kafin Laraba an koma bibbiyu. Ba wanda ya ce uffan, don wane babban mutum ne zai katse maganar Allah saboda nama? Sai dai a haɗiye miyau, a bi hannun da kallo.

Shi kuwa Filibus murna kamar ta kashe shi. Ya koma gida ya ce wa matarsa, "Rifkatu, magana tana shiga! In na fara, Baba ko ƙiftawa ba ya yi. Yau wallahi har ƙwalla na gani a idonsa."

Rifkatu ta ce, "Allah ya sa. Amma me ya sa kwanan nan ba ka cin abincin dare sosai?"

Ya ce, "Farin ciki ne, ba ya barin mutum ya ji yunwa."

Ranar Asabar ita ce dama ta ƙarshe, sai ya fito da labarin da ya ɓoye don ranar. Ya ba su labarin yadda Yesu ya karɓi ɗan guzurin mutum ɗaya a jeji, ya sa albarka, ya ciyar da mutum dubu biyar. Ya kwatanta yunwar taron, hannu ya tafi ya dawo. Ya kwatanta yadda almajirai suka rikice, hannu ya sake tafiya. Kafin a kai inda aka kwashe ragowa kwando-kwando, kwanon shago ya zama fili fetal, sai miya kawai. Sauran ukun suka dubi Baba Habila, shi kuma ya dubi kwanon, ya daɗe bai ɗago ba.

Filibus ya ga wannan shirun, ya ce a ransa ƙarfe ya yi ja, yanzu ne lokacin bugu. Ya share baki, ya sassauta murya.

"Baba, na ga abin ya taɓa ka."

Baba Habila ya ce, "Ya taɓa ni, ɗana. Ba ni kaɗai ba ma."

"To, gobe ka shirya in biyo maka mu tafi coci. Na riga na yi alkawari a gaban jama'a, kada ka ba ni kunya."

Tsohon ya jawo butar ruwa ya wanke hannu a hankali. Ya ce, "Tsaya tukuna in gane. Ka ce abincin mutum ɗaya Yesu ya ɗauka, ya ƙosar da dubu biyar?"

"Ƙwarai kuwa, Baba! Har da ragowa!"

Baba Habila ya juya masa kwanon ya ce, "Kai kuma naman mutum biyar ka ɗauka ka ƙosar da mutum ɗaya. Filibus, tsakaninka da Allah, anya shi ya aiko ka?"