Ranar da Na Karya Taliyar Inna

Ba ni mantawa da ƙarar nan ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa: tim, tim, tim, daga bayan madafa, da hantsi. Na ajiye wanke-wanke na leƙa. Faccalata ce Maryam, ta naɗe hannun riga tana maka curin ƙullun fulawa a kan tebur, ta ja shi ya miƙe, ta ninka, ta sake makawa.

Maryam 'yar ƙasar Sin ce. Ƙanen maigidana, Nasiru, can ya yi karatun likita, ya dawo mana da takarda da mata. Ta musulunta tun kafin aurensu, kuma a Sakkwato suke zaune. Rashin lafiyar surukarmu Inna ne ya kawo su Sabon Birni a wannan ɗarin. Inna ba ta taɓa yi mata mugun kallo ba, sai dai ba ta taɓa cin abin da ta dafa ba. Kullum sai ta ce cikinta bai saba ba, a miƙa wa yara. Maryam ta yi murmushi ta ɗauke kwanon, ni kuwa ina ganin yadda kafaɗunta ke sauka.

Na ce, "Amarya, fulawar nan laifin mi ta yi miki?"

Ta yi dariya, ta ce gobe sabuwar shekara ce a garinsu. Da 'yar Hausarta da nuni da hannu ta yi mini bayani: kowa komai nisansa sai ya koma gida ya ci abinci da iyayensa, ana sa jan kaya, ana share gida tas tun jajibere don ranar ba a taɓa tsintsiya, kada a share arziki waje. Na ce a raina, oh, camfi ko'ina akwai shi. (Ni ce fa wadda daren cika-ciki ba na barin yaro ya kwanta sai cikinsa ya yi kamar ganga, wai kada ya shekara da yunwa.)

Kafin magariba ta mayar da curin nan taliya siri-siri, kowane zare ya fi gaba biyu, ta rataye su a igiyar shanya. Ta ce, "Na Inna ne." Ashe Nasiru ya yi ta lallashi har Inna ta yarda za ta ɗanɗana.

To ni a kan taliya ba na jin akwai mai koya mini. Mahaifiyata a Isa taliya 'yar murji take sayarwa, a cikin fulawa na girma. Wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro.

Washegari Maryam ta ɗora romon kaza, ta ɗora ruwan dahuwar taliya, sai wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce. Gidanmu kuwa ba a jin magana a waya sosai sai a zaure, ta ruga can. Ruwa ya tafasa, icce yana ci a banza, ga baiwar Allah can tana magana da uwar da ta yi shekaru ba ta gani ba. Tausayi ya kama ni. Na ce bari in rage mata aiki.

Na sauke taliya daga igiya, ta bushe ƙayau. Na dubi tsawonta, na dubi bakin tukunya, na yi abin da kowace mace a ƙasar Gobir za ta yi: na kakkarya ta. Sai kuma na tuna Inna ba ta da haƙora, na ƙara kakkaryawa. (Ku ji fa, har da bisimilla.) Na dafa, na tsame, na kwarara romo, na rufe a kula, na kai ɗakin Inna da kaina.

Da Maryam ta dawo, idonta ya yi ja, na ce mata komai ya kammala, ta je ta shirya kawai. Ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Na gode, Yaya." Na ce haba, mi aka yi.

Ɗakin Inna ya cika. Ga Gwaggo Hajo, ƙanwar Inna, ta zo dubiya daga Kamarawa, ga maƙwabta, ga yara a bakin ƙofa. Gwaggo ta ce ƙamshin nan ya isa ya tada mara lafiya. Ni kuma bakina bai iya shiru ba, na ce, "Ai Amarya ta murza, amma dahuwa ni na yi da hannuna."

Maryam ta shigo cikin jar atamfa ta durƙusa gaban kula. Nasiru ya gyara murya.

"Inna, kafin a buɗe. Mutanen su Maryam, ranar sabuwar shekara suna yi wa tsofaffinsu wagga taliya. Tsawonta fatan tsawon rai ne. Don haka ba a yanka ta, ba a karya ta, ko a baki ba a son a datse ta. Jiya wuni ta yi tana ja, kada ko zare guda ya tsinke."

Ina jin haka na dubi ƙofa, yara sun toshe ta. Na shiga karanto duk addu'ar da na sani ta neman tsari, har da ta shiga kasuwa.

Maryam ta buɗe. Ta sa cokali ta ɗago, ga 'yan guntaye kamar tsinken sakace suna zubowa cikin romo. 

Inna ta leƙa kular, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanga shi ne tsawon ran nawa?"

Gwaggo Hajo ta juyo gare ni. "Ba ke kika ce ke kika dafa ba?"

Inna ta ce, "Uwar Nana, in tukwanena kike so, faɗi in ba ki tun ina numfashi. Ba sai kin gutsuttsura mini kwana ba."

Aka fashe da dariya, Nasiru har da riƙe ciki. Maryam ba ta yi ba. Ta mayar da murfi a hankali ta fita.

A bayan madafa na same ta zaune kan turmi. Na je ba ta haƙuri, sai ga ni na fi ta kuka, har ita ce ke miƙo mini gefen mayafi. Ta ce, "Yaya, na san rai na Allah ne. Amma Hausata ba ta kai in faɗa wa Inna abin da ke zuciyata ba. Na ce bari taliya ta faɗa mata."

Ashe magana ce baiwar Allah ta wuni tana shiryawa, na zo na kakkarya mata ita.

Na share ido na ɗauko sauran fulawa. Ita tana ja, ni ina riƙe ɗaya bakin kamar mai riƙon jariri, ko tari ba na yi. Ba mu jira ta bushe ba, ɗanya muka dafa. Bayan la'asar Maryam ta kai wa Inna kwano, zare guda ne ya naɗe ya cika shi. Inna ta kama bakinsa ta shiga zuƙa, tana hutawa tana ci gaba, har ya ƙare. Ta ce, "Kun ga amfanin rashin haƙora, ko na so datsewa ba ni da abin yi." Sannan ta miƙa wa Maryam kwanon ta ce, "Ɗiyata, ƙaro mini romo."

Ban taɓa jin ta kira ta haka ba. Maryam ta tashi da sauri har tana tuntuɓe da tabarma.

Inna ta samu sauƙi da ikon Allah da maganin Nasiru, ban ce taliya ta yi komai ba. Abin da na koya shi ne, mai tausayin da bai iya tambaya ba, gara a ɗaure masa hannu. Yanzu ko tukunyar maƙwabciya na ga tana ƙonewa, sai na tambaya ko haka ake yi a garinsu.

Sai dai gidan nan ba a yafe mini ba. Kwanan baya na ɗauko taliyar leda za ni dafa wa yara, na kama ta da hannu biyu ke nan, sai ɗiyata Nana ta ɗago daga allonta ta ce, "Umma, yau kuma kwanan wa za ki karya?"