Ranar da Sallau Mai Wankin Hula Ya Faɗi a Fagen Daga

Da sunan Allah wanda ya halicci kai, ya kuma sanar da ɗan Adam dabarar rufe shi da hula. Bayan haka, ku gyara zama ku ji tarihin gwarzon Tudun Gawo, Sallau ɗan Nomau, jikan Cindo wanda ya taɓa korar kura da tari, tattaɓa-kunnen Jatau Mai Dogon Barci, wanda aka ce an ja daga an watse bai juya ba. Sallau sarkin kumfa, barden buroshi, dodon maiƙo, mai mayar da tsohuwar hula amarya! Shi ne mai wankin hula a gindin durumin ƙofar masallaci, kuma babu kan da ke garin nan, na malami ko na mahauci, da bai san irin guminsa ba.

To amma, Allah sarki, hannunsa ne kawai a cikin kumfa, zuciyarsa tana can wajen 'yan fim. In ya jera huluna a kan gumagumai suna shan rana, sai ya tsaya gabansu ya zare ido ya ce, "Ƙarya kake, maci amana!" Ya yi musu kuka, ya yi musu dariyar mugunta, ya dafe ƙirji ya faɗi. Hulunan dai ba su taɓa kushe shi ba.

Ana nan ana nan, wata Alhamis da hantsi, sai ga farar bas ta tsaya a bakin kasuwa. Wani mutum ya fito da baƙin gilashi da riga mai aljihu bila adadin, bayansa ƙato yana saɓe da kyamara kamar an goya ɗan maraƙi. Ya ce sunansa Darakta, daga Kano, ya zo ɗaukar fim ɗin yaƙin zamanin da, kuma sababbin fuskoki yake nema, don tsofaffin sun gundure shi.

Kada ku ɗauka Sallau wawa ne. Ya sha ji a rediyo cewa duk wanda ya ce a ba shi kuɗin rajista kafin ya sa mutum a fim, ɗan damfara ne. Don haka ya matsa cikin hikima da basira irin ta manyan wazirai, ya tambaya nawa ne. Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ko sisi. Mu baiwa muke saye." Shi ke nan, hujja ta tabbata, shakka ta tattara nata ya nata.

Gwaggo Tasalla mai ƙosai, wadda kaskonta ke daura da durumin, ita ce kaɗai ta taɓe baki. "Kai Sallau, ka tambaye shi wane fim ya taɓa yi? Ina ofishinsa? Ɗan gidan wa ne a Kanon?"

"Haba Gwaggo, ai ba a tambayar zaki unguwarsu."

"To Allah ya sa zakin ne," ta ce, ta juya ƙosanta.

Sai Darakta ya yi shela cewa bayan yaƙi akwai zaman fada, ana buƙatar huluna na alfarma don fadawa, aro ne zuwa la'asar, kuma wanda ya kawo su shi ne Sarkin Yaƙi. Ku tuna fa Alhamis ce, ranar da hular Juma'ar kowane magidanci ke hannun Sallau. Zanna da damanga, kube da dara, duk sun sha sitaci sun tsaya ƙyam. A tsakiyarsu kuma ga sarauniyarsu, zannar Kawu Barau, wan mahaifiyar Sallau, tsohon direban babbar mota, mai sanƙo kamar bayan ƙwarya da zuciya kamar kunun da ke kan wuta. Daga Maiduguri ya sayo ta zamanin yana kan hanya, ranar Juma'a kaɗai take fita, kuma da hannu biyu yake miƙa ta in ya kawo wanki. Sallau ya dube ta, ya tuna mai ita, ya janye hannu. Sai ya hango sunansa a rubuce da manyan baƙaƙe a allon fim. Ya kwashe su kaf ya zuba a buhu, ya miƙa wa Darakta.

Aka ja runduna zuwa fadamar bayan gari, samari da magidanta, har da wani dattijo da ya zo sayen gishiri tafiyar ta rutsa da shi. Takubban kara, garkuwar murfin tukunya, kwalkwalin ƙoƙo. Dawakai kuwa, in ji Darakta, daga baya za a sa su da kwamfuta. Ya ce mutanen zamanin da can ba su san waya ba, ba su san agogo ba, ba su san takalmin kanti ba, don haka kowa ya tuɓe ya zuba a buhu a ajiye a mota saboda tsaro. Aka zuba. Aka yayyafa wa Sarkin Yaƙi Sallau zoɓo a ƙirji a matsayin jini.

"Akshin!"

Wayyo, ranar maza! Ƙasa ta girgiza, balbelu suka tashi, ƙura ta turnuƙe har rana ta sunkuyar da kai don kunya, kara ya haɗu da kara, murfi ya daki ƙoƙo, Sallau kuwa ya kutsa tsakiyar abokan gaba, waɗanda dukansu abokan shan shayinsa ne, yana sara dama da hagu yana kururuwa, "Sai ni ɗan Nomau! Kowa ya ja da ni ya kwana barzahu!" Dattijon gishiri ya taka ƙaya ya yi wata ƙara da Darakta ya ce ba a taɓa yin irinta a masana'antar fim ba.

Daga nan aka zo kan mutuwa. Darakta ya ce kowa ya faɗi ya rufe ido, za a ɗauki gawawwaki daga nesa. "Duk wanda ya motsa kafin in ce kot, na cire shi, ko ɗan uban waye."

Runduna ta zube. Sallau ya yi tangaɗi, ya durƙusa, ya ɗaga yatsa sama, ya miƙe kuma don ya ga bai ƙoshi ba, sannan ya kife, ya mirgina ya kwanta rigingine. A nan ne jihadi na haƙiƙa ya fara.

Ya ji motar ta tashi. Ya ce a ransa, daga nesa aka ce. Ya ji ƙararta tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Ya ce, lallai wannan babban fim ne. Sai ga rundunar cinnaku, ƙabila bayan ƙabila, sun ji labarin zoɓo mai sukari, suka yi masa ƙawanya, suka hau ta ƙafa suka ɓulla ta wuya, suka kafa sansani a hammata, amma namijin duniya ko gira bai ɗaga ba. Rana ta take tsaka. Wata kaza ta zo ta duba kunnensa, ba ta sami abin kirki ba, ta wuce.

Raunanan imani suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ya ji wani ya ce, "Ina motar?" Ya ji wani ya ce, "Wayata!" Sai ihu ya kaure, "Ɓarayi! A tare su!" Matattu suka zuba a guje ba takalmi, suka nufi titi. Sallau ya yi murmushi ta ciki. Gwaji ne, kuma duk sun faɗi. Fim ɗin ya zama nasa shi kaɗai.

Wajen la'asar wasu mata masu dawowa daga itace suka gan shi shame-shame, ƙirji ja wur, ƙuda na bi. Suka yar da kaya suka sa salati. Kafin ka ce kwabo fadama ta cika, an lulluɓe shi da mayafi. Yana jin koke-koke, daɗi na ratsa shi har ɓargo, don ko manyan jarumai sai an sa kiɗa ake yi musu kuka.

Sai taro ya dare, ga Kawu Barau yana haki, kai ba hula. Ya durƙusa gaban mayafin. "Allahu akbar. Sallau, ɗan ƙanwata! Yaro mai amana, ko zare bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Jama'a ku shaida, duk abin da ya yi mini, na sani da ban sani ba, na yafe masa duniya da lahira." Ya share hawaye, ya ja majina. "Af, ko akwai wanda ya san inda ya ajiye hulata?"

Nan fa malamai suka yi saɓani. Wasu sun ce ladabi ne, ba ya iya jin babba ya yi tambaya ya ƙyale. Wasu sun ce ya ga ƙofar gafara a buɗe ne ya yi wuf kafin a rufe. Abin da aka haɗu a kai shi ne, daga ƙarƙashin mayafin murya ta fito.

"Tana wajen Darakta, Kawu."

Mata suka watse, maza suka riga su. Mai unguwa ya tsallake kududdufin da tun yana saurayi yake zagaye shi. Kawu ne kaɗai bai gusa ba. Ya yaye mayafin, ya daɗe yana kallon idon da ke ƙifta masa, yana jin labarin mota daga bakin masu dawowa daga titi suna ɗingishi.

"Kawu, ai ka ce ka yafe."

"Gawa na yafe wa, ɗan nema. Kai ban san ka ba."

Washegari Tudun Gawo ta tafi Juma'a a yanayin da tarihi bai taɓa gani ba. Wani ya naɗa tawul, wani ya kifa malafar gona, wani ya matsa hular ɗansa ta makaranta a tsakar ka. Kawu Barau, saboda rana ba ta raga wa sanƙo, ya fito da hular sanyin jikarsa, ruwan hoda, mai kunnuwan zomo biyu, yana tafe suna rausaya, kuma duk garin babu mai ƙarfin halin ya kalle su. Sallau na biye da shi riƙe da darduma, jiki duk ƙuraje. Sun kusa durumi, inda gumagumai ke tsaye tsirara, sai ya kasa daurewa, ya matso ya rage murya.

"Kawu, amma tsakani da Allah, mutuwar ta yi kyau?"

Kawu bai waiwayo ba. "Ta yi," ya ce. "Tashin ne ya ɓata ta."