Tukwicin Mai Kai Fiza

A wani daji da ke tsakanin kogi da duwatsu, an yi wani bika mai suna Nomau wanda ya taɓa zama kusa da birnin mutane, ya dawo da sana'ar da ba a san ta ba. Gurasa yake yi mai faɗi kamar faifai, ya shafe ta da tumatir, ya zuba cuku da albasa, ya gasa a tanderu. Ya ce sunanta fiza. Dabbobi suka ɗanɗana suka ji abin ya yi, sai dai tana da hali guda: in ta huce, ko kura sai ta yi shawara kafin ta ci. Don haka Nomau ya ɗauki masu gudu aiki, su riƙa kai wa masu saye har ƙofar gida tun tana tururi.

Cikin masu kai fizar nan babu kamar Tabawa, wata barewa da ta fara manyanta. Shekararta huɗu tana wannan aiki, ta san gidan da ake amsa sallama da wuri, ta san wanda sai ka gaji da tsayuwa. Kuɗi wuri uku ake biyan ta a yini, abin da ko cefanen safe bai isa ba. Ranar da aka ɗauke ta, Nomau ya dafa ƙirji ya ce, "Albashin kaɗan ne, na sani. Amma ai akwai tukwici, ni kuwa ba na taɓa tukwicin kowa."

A lokacin gaskiya ya faɗa. A dajin nan, tun kaka da kakanni, duk wanda aka aiko da abu sai an sa masa ɗan wani abu a hannu. Tukwici ba a roƙonsa, ba a cinikinsa. Wanda ya buɗe baki ya nema ya zubar da mutuncinsa, wanda ya samu kuwa dole ya yi godiya. Kuma na ɗan aike ne shi kaɗai: babba ya aiki wani sannan ya karɓe tukwicin, wannan abin kunya ne da ake goranta wa jikoki. Da tukwicin nan Tabawa ke ci, da shi take sayen man da take shafa wa ƙafafunta.

Da damina ta kama, sai Nomau ya sa aka fara rubuta wani abu a saman kowane kwali da manyan baƙaƙe: "Kuɗin kawowa, wuri biyar." Masu saye suka riƙa biya ba musu. Tukwici kuwa ya ɗauke ɗif. Tabawa ta ɗauka matsin rayuwa ne ya sa hannaye suka ƙanƙance, ta ƙara yawan zirga-zirga ko za ta cike giɓin. Ana haka wata rana santsi ya kwashe ta a gangaren duwatsu. Fizar ba ta zube ba, don ta tare kwalin da jikinta, amma ƙafarta ta gaba ta bugu. Kunkuru maɗori ya lalluba wurin ya ce ƙashin ya tsage. Sai an ɗaure shi da kara, ta kwanta kwana goma, kuma aikinsa wuri talatin ne. "In kika ci gaba da gudu a kansa har wata ya mutu," in ji shi, "ƙafar nan ta tafi ke nan, kada ki ce ban faɗa miki ba."

Tabawa ba ta da talatin, ba ta kuma da abin da za ta ci in ta kwanta. Ta ɗaure wurin da tsumma ta koma bakin aiki.

A gidan Gwaggo Yalwa ta gano inda matsalar take. Gwaggo Yalwa dorina ce mai gida a bakin kogi, mai son fiza, mai kuma son a san tana da kyauta. Ta karɓi kwali, ta ƙirga kuɗi, ta dubi ƙafar Tabawa.

"Ke Tabawa, me ya sami ƙafar? Ki je a duba miki mana. Ai yanzu kun ji daɗi, tunda an yanka muku wuri biyar a kowane kwali. Ni har na ce gara haka, an hutar da ni neman canji."

Magana ta zo wa Tabawa har bakin leɓe. Amma in ta ce ba ta ganin ko wuri ɗaya, me ta yi in ba roƙo ba? Ta haɗiye, ta ce, "Haka ne, Gwaggo. A ci lafiya." Ta juya tana ɗingishi, ranta na tafasa. Ashe masu saye ba rowa suka koya ba, suna bayarwa, wani ne ke tarewa a hanya.

Ta tambayi Nomau, ya ce kuɗin gidan fiza ne, kuma ba ya son yawan magana a bakin tanderu. Sai ta kai ƙara majalisar daji, wadda ke zama ƙarƙashin wata tsamiya, Toron Giwa na shugabanta. Ranar zaman, majalisa ta yi odar fiza takwas don abincin rana. Tabawa ce ta kawo, sawu biyu, sannan ta goge zufa ta tsaya a wurin masu ƙara.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ban zo roƙo ba. An ce mana albashinmu kaɗan ne saboda akwai tukwici, muka yarda. Yanzu an rubuta kuɗin kawowa a kan kwali, masu saye suna biya suna zaton namu ne, sun daina ba mu komai. Mu ke kawowa, ƙafafunmu ke cin ƙaya da dutse, in sun lalace mu ke gyarawa. Ko a ba mu biyar ɗin, ko a cika mana albashi, ko a goge rubutun, masu saye su koma yadda suka saba. Cikin ukun nan kowanne aka zaɓa na yarda. Abin da na zo da shi ke nan."

Nomau ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya gaida majalisa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke gyangyaɗi.

"Ranka ya daɗe, Tabawa 'yar gida ce, kuma ciwon ƙafarta ya fi damuna fiye da yadda ya dame ta. Amma kawowa ba gudu kaɗai ba ne. Akwai kwali, akwai igiyar ɗauri, akwai tunanin da nake yi kafin in ce wa wannan bi gabas, wancan bi yamma. Duk wannan kyauta ne? Tukwici kuwa tsakanin mai saye ne da ɗan aike, ban taɓa hana kowa bayarwa ba. In masu saye sun ɗauka biyar ɗin nan tukwici ne, to wannan kyakkyawar zuciyarsu ce, kuma ni kullum ina yi musu godiya a kai. Ina so a rubuta, ina godiya ga duk wanda ya bayar."

Aka rubuta. Majalisa ta shiga shawara, shawarar da ta ƙare daidai lokacin da kwali na takwas ya ƙare. Toron Giwa ya share baki ya yanke hukunci.

"Mun saurari kowa, kuma mun ga kowa yana da gaskiyarsa. Don kada a zalunci ma'aikata, daga yau a rubuta a jikin kowane kwali cewa kuɗin kawowa ba na mai kawowa ba ne. Don kada kuma a ɓata wa mai sana'a kwalliyar kayansa, a rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, a ƙasan kwalin. Majalisa ta tashi."

Duk dajin babu mai kifa kwalin fiza ya duba ƙasansa, sai wanda ke son cin abincinsa da ƙasa. 'Yan majalisa suka biya kuɗin kwali takwas har da na kawowa, suka yi wa Tabawa fatan samun sauƙi, suka watse.

Lantana, wata jimina abokiyar aikinta, ta raka ta gida tana ta huci. "Ni dai gobe zan faɗa wa kowa a ƙofar gidansa. Su ba mu haƙƙinmu!"

"A ce jimina ta zama maroƙiya?" in ji Tabawa. "Ranar farko za su ji tausayinki, rana ta biyu su ce a aiko musu wata. Ba za mu roƙa ba, Lantana. Ba ki ji abin da maigida ya ce a rubuta ba? Ya ce yana godiya. Saƙo ne ya bari ba a kai ba, mu kuwa aikinmu ke nan."

Washegari Tabawa ta isa gidan Gwaggo Yalwa, ta miƙa kwali, ta karɓi kuɗi. Sannan ta durƙusa da lafiyayyar ƙafarta, cikin ladabi kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama.

"Gwaggo, maigida Nomau yana godiya da tukwici. Biyar ɗin da kike bayarwa kullum tana isa hannunsa lafiya. Ya ce a gaban majalisa yana godiya, na ga bai kamata a bar ki ba ki ji ba. Allah ya ƙara arziki."

Gwaggo Yalwa ta tsaya da yankan fiza a hanyar baki. "Wa ke godiya?"

"Maigida, Gwaggo."

"Nomau? Magidanci da furfura a ƙeya, shi ke cin tukwicina? Ke fa?"

"Ni saƙon godiya na kawo, Gwaggo. A ci lafiya."

Haka ta yi a gidan gwanki, haka ta yi a gidan raƙumin dawa, haka a kowace ƙofa, ba ta ƙara kalma ba, ba ta rage ba. Ƙafar tana kumbura, wani lokaci sai ta tsaya bayan itace ta cije haƙora har zafin ya lafa, sannan ta ci gaba. Kafin kwana uku, in Nomau ya ratsa kasuwa sai ka ji ana ce masa, "Sannu da aike, Nomau! Jiya an samu da yawa?" Wata tsohuwar gafiya ma ta tare shi a bainar jama'a ta danƙa masa wuri ɗaya, ta ce ya sayi ƙuli, Allah ya yi masa albarka.

Rana ta huɗu Nomau ya kira Tabawa bakin tanderu. "Wa ya aike ki?"

"Kai ka ce kana godiya, maigida. An rubuta."

"To ajiye igiyata. Na sallame ki."

Ta kwance igiyar ta ajiye a gabansa, ta yi masa sallama yadda ya kamata. A hanya ne kuka ya zo mata, don yanzu ba aiki, ba talatin, kuma saura kwana shida wata ya mutu. Ta yi kukanta ta share. Da za a maida ta baya, abin da ta yi shi za ta sake yi.

Abin da Nomau bai lissafa ba shi ne, washegari masu gudu tara ne suka fita da kwalaye, kuma su tara ɗin duka suka durƙusa a ƙofofin jama'a suka isar da godiyar maigida. Korar barewa ɗaya abu ne mai sauƙi. Korar tara kuwa, sai dai ya ɗauki fizar da kansa, shi da ko gangaren bayan gidansa sai ya huta sau biyu. Ya daure kwana biyu. A na uku aka wayi gari babu rubutu a saman kwali, babu a ƙasa. Farashin fiza dai ya tashi da wuri biyar, wai saboda tsadar albasa.

Masu saye suka yi gunaguni, suka biya, amma hannaye suka sake buɗewa a bakin ƙofa. Da yammacin ranar Lantana ta zo gidan Tabawa da ƙulli a baki. Gwaggo Yalwa ce ta bi gida-gida ta ce duk wanda ya san Tabawa ta kawo masa fiza a daminar nan ya fito da tukwicinta da ya yi ɓatan kai. Ƙullin ya isa ɗori, ya isa abincin kwana goma. Tabawa ta kwance, ta zari wuri biyu ta miƙa wa Lantana.

"Haba Tabawa, ni da ke?"

"Aiko ki aka yi. Karɓi."

Kunkuru ya ɗaure ƙafar ana saura kwana biyu wata ya mutu. Da ya kwance bayan kwana goma, ya daɗe yana lallubawa, sannan ya ce ƙafa ta tsira, za ta taka, za ta yi tafiya, amma gudu irin na da ya ƙare. Tabawa ta miƙe ta gwada, taku ɗaya, taku biyu, har bakin ƙofa. Ta tsaya tana kallon hanyar gangaren da ta bi shekara huɗu.

"Tafiya ma ta isa," ta ce. "Akwai sauran gidajen da ban kai wa godiyata ba."

Majalisa kuwa, da ta ji an goge rubutu, ta zauna ta yaba wa kanta bisa hangen nesa, ta kuma yanke shawarar ba Nomau lambar yabo saboda tausayin ma'aikata. Lantana aka aika ta kai masa, tun daga tsamiya har bakin tanderu, cikin ruwan sama. Ya karɓa hannu bibbiyu, ya rataya a wuya, ya ce ta gaida gida.