Rasuwar Linkis na Hannun Dama

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki da hannun riga a sake, Baban Likita na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar maɓallin hannun rigarsa, Linkis na Dama, bayan doguwar jinya a hannun masu gyara.

Marigayin tagwaye ne, shi da na Hagu. Uwargida ce ta kawo su gidan tun tana amarya, ranar da maigidan zai fara aikin koyarwa. Tun daga nan bai taɓa makara ba. Ya sha alli, ya sha gumi, ya leƙa cikin kwanon miya babu adadi, bai taɓa kai ƙara ba. Maganarsa ɗaya ce, "ƙas", idan an ɗaura shi da safe, sai kuma "ƙwal-ƙwal" a kan tebur idan ɗalibai sun cika surutu.

Ciwon ya same shi ne ranar da babbar 'yar gidan ta karɓi shaidar zama likita. Ana kiran sunanta uban ya miƙe, ya hau tafi kamar zai cire tafin hannunsa, yana gaya wa mutanen da bai sani ba, "Tawa ce! Wallahi tawa ce!" Ana cikin haka marigayin ya yi tsalle, ya faɗa ƙarƙashin kujerun gaba. Da rarrafe aka ɗauko shi, wuya a karye, maigidan yana dariya yana hawaye.

An fara kai shi wurin mai gyaran agogo, wanda ya manna gilashi a ido, ya juya shi, ya ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina." Maƙerin zinare ya yi masa ɗori, ya dawo gida wuya a sandare, ya ƙi shiga ramin hannun riga. Ƙanin uwargida ya zo da gam da cika baki, aka wuni ana raba marigayin da babban yatsansa. Sabuwar likita ta duba majinyacin, ta ce cikin ladabi, "Baba, a bar shi ya huta." Uban ya ce ita likitar mutane ce, ta tsaya a fanninta. Washegari ya kai shi wurin mai walda. Wuta ɗaya aka sa. Da hayaƙi ya washe, abin da ya rage bai kai ƙwayar wake ba.

Ya rasu ya bar ɗan uwansa na Hagu, da farar riga ɗaya, da tsohon agogo maƙwabcinsa, da fil ɗin uwargida da ke riƙon ƙwarya a hannun dama.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a ɗakin uwargida, a binne shi cikin gwangwanin maɓallai, a aljihun keken ɗinki. Ana roƙon mai walda ya yi ta'aziyyarsa daga nesa. Masu zuwa kada su kawo sabon linkis. Likita ta riga ta sayo sababbi da albashinta na farko, ta ɓoye a ƙarƙashin matashi, kuma mai makoki ya yi alkawarin ba zai sake gwada su a gaban madubi ba sai an watse.