Rahoton Masana Da Kifin Raƙumana

Ranar Talata na sha rana har gumi ya jiƙa min hula, duk don neman amsar tambaya guda: in kwashe kifina ko in bar shi?

Kwana huɗu kenan da na shanya kifin sardin a bakin teku, abincin raƙumana na rani gaba ɗaya, don a nan in ciyawa ta ƙare busasshen kifi suke ci. In na kwashe da ɗanyensa ya ruɓe a buhu, in ruwan sama ya taɓa shi ya ruɓe a kan yashi. Sai ga jaridar safiyar Litinin ta ce sauyin yanayi ya turo mana guguwar da za ta share garin nan. Ta yamma kuwa ta ce zancen banza ne, tun zamanin kakanni iska take busawa.

Maƙwabcina Bakhit ya ce, "Baban Mahad, rabu da jarida. Gwiwar surukata ba ta yi tsami ba, babu ruwa."

"Bara ma ai ba ta yi tsamin ba, ga rufin ɗakinka can a gonar ayaba."

"Lokacin tana shan magani ne."

Na nufi kasuwa neman tamfol in lulluɓe kifin. Babu ko ƙyalle. Wai Mai Girma Uban Kwamitoci, Allah ya ƙara masa kwamiti, ya sa an kwashe duk tamfol ɗin garin an kafa rumfar biki. Bikin me? Ƙaddamar da rahoton masana kimiyya da suka shekara suna duba gaskiyar abin da jaridu ke rubutawa kan guguwa.

Na ce alhamdulillahi, ga inda amsata take. Na kutsa rumfar, aka zuba min gahawa, aka miƙo alewa. Mai Girma ya yi awa biyu yana gode wa kansa. Da ya tsaya shan ruwa na lallaɓa wurin wata masaniya, Dokta Tuful, wadda da gani ita ta yi aikin, don a kujerar baya aka ajiye ta.

"Dokta, wace jarida ce mai gaskiya?"

"Babu, Kawu. Ta safe ta zuzuta, ta yamma ta raina. Ba a ɗora wa ɗumamar duniya laifin guguwa ɗaya kacokan, amma in teku ya yi ɗumi ruwan da guguwa ke zubarwa yana ƙaruwa."

"Madalla. To, kifina fa?"

"Kwamitinmu jaridun bara ya duba. Na bana sai baɗi." Ta waiwaya, ta rage murya. "Amma in ni ce kai, yau zan rufe shi."

Da me? Na ɗaga kai na dubi tamfol, Mai Girma na ƙarƙashinsa yana shan inuwa. Raina ya ɓaci, har alewar ta daina min daɗi.

A bakin ƙofa ana raba rahoton kyauta, shafi ɗari shida, takarda mai sheƙi kamar an shafa mata mai, rabinta hoton Mai Girma yana nuna teku da yatsa. Kowa na ƙin ɗauka saboda nauyi. Na loda guda goma sha biyu a bayan motata.

Ni da Bakhit muka ƙarasa yinin muna yagewa muna lulluɓe kifi, muna dannewa da duwatsu. Da rahoton ya ƙare muka ƙarasa da jaridun safe da na yamma.

Ranar Laraba guguwar ta ratse ta gefe, amma ta bar mana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Surukar Bakhit ta ce yanzu ne gwiwar ta fara tsami.

Kifin da ke ƙarƙashin jaridu ya zama kunu, ta safe da ta yamma ba wadda ta fi wata. Na ƙarƙashin rahoto kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba, musamman inda hoton Mai Girma yake, don nan takardar ta fi kauri. Raƙumana za su ci rabin rani.

Saboda haka na janye duk ƙorafin da na taɓa yi. Ranka ya daɗe, rahoton baɗi a ninka hotunan, saura rabin kifina.