Haƙoran Talle Wanzami

"Lafiya lau, lafiya lau. Ke ce da sassafe haka? Mijin naki ya gaji ya koro ki?"

"Ina kwana kawai nac ce, tsoho. Na zo duba tsohon mijina ne, an ce mini ya shiga kulle."

Talle Wanzami ya ɗaure fuska tamau. Da ma kwanakin nan haka take, kuma ba fushi ba ne. Tun da 'ya'yansa suka sa aka yi masa haƙoran roba, dariya ta zame masa abin tsoro. Akwai wata 'yar tsoka siririya da ta haɗe leɓensa na sama da dasashi, da zarar ya washe baki sai ta ja, haƙoran su suɓuce. Ranar wani suna a nan cikin Zuru suka faɗo masa a gaban jama'a, tsakiyar kwanon miya. Tun daga ranar, mutumin da a da ake jiyo ƙyaƙyatawarsa daga bakin titi ya daina zuwa majalisa, ya koma zaure ya tare. Likitar haƙori, Dokta Theresa, ta ce a zo yau a ɗan yanke tsokar, shi ke nan. Shi kuwa ya ce ba inda za shi. Wannan ne ya taso jikarsa Rufaida tun daga Wasagu, kuma yana ganinta ya san an turo masa wadda ta fi ƙarfinsa.

"Tashi ka sa riga, likita na jira."

"Ta yi ta jira. Ni za a nuna wa aska? Rabin garin ga ni na yanke musu linzamin harshe suna jarirai. Har ke."

"Shi ya sa na zo. Ramuwa."

"Ai ke, da na sani da na bar miki abinki. Ranar da anka kawo ki, shiru-shiru, gwanin sha'awa. Ina yankewa kinka buɗe baki, har yau ba ki rufe ba. Mijinki kullum sai ya aiko yana tambaya ko ana iya mayarwa."

"Ƙarya kake, tsoho! Shi da ke cewa muryata ta fi rediyo."

"Rediyo ai ana kashe shi."

Rufaida ta tuntsire da dariya. Talle ya ji tasa ta taso masa tun daga ciki, ya yi maza ya danne leɓe da yatsa. Ita kuwa ta gani sarai.

"Mi kake riƙewa? Sake su mana su gaishe ni. An ce ranar suna su sunka riga ka kai wa nama."

"'Yar banza. Wa yab ba ki labari?"

"Har Bena an ji. Cewa anka yi mai gidan sunan ya zuba musu nasu kwano daban."

"To, ki je ki gaya wa likitar taku, ni ban san wanzami mace ba. Ina zabirarta? Wa yak koya mata? Ubanta wanzami ne?"

"Zabirarta ɗaki guda ce, har da fitila da kujera mai kwanciya. Kuma ita sai ta yi maka allurar kashe zafi tukuna. Kai fa? Mi kab ba ni lokacin da kay yanke ni?"

"Addu'a."

"Ai kuwa na ji a jikina. Inna ta ce kukan da na yi har awaki sunka tsinke."

"Kin ga allurar nan, ita ce ban yarda da ita ba. A soke mutum don kada ya ji an yanke shi? Wane irin lissafi ne wanga?"

"Allah Sarki! Ashe tsoro ne. Bari in leƙa waje in yi shela, iyayen yaran da kas sa kuka su zo kallo."

 Gaskiya ta faɗa, tsoro Talle yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya dubi tsohuwar zabirarsa da ke rataye a bango, ya sassauta murya.

"Ke ba ki san aikin ga ba, Rufaida. Ba a yanka sai da mai riƙo. Duk jaririn da na taɓa, akwai wadda ta rungume shi, ta tallafe mishi kai. Ke kakarki ce ta riƙe ki, Allah ya jiƙanta. Ni wa za ya riƙe ni?"

Rufaida ta yi shiru, abin da Talle bai taɓa gani ba tun ranar da ya yanke mata linzami. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Sai ta kwance mayafinta, ta kakkaɓe, ta juya masa baya ta duƙa.

"Hau."

"In hau ina?"

"Goyo mana. In goya ka har asibiti, in ɗora ka a cinya, in tallafe maka kai. In ka yi kuka in jijjiga ka. In an gama in zagaya da kai gida-gida, mata su yi mini barka, su ce kai, jaririn ga ya zo da gemu!"

Nan fa abin ya ƙwace. Talle ya fashe da dariyar da ya daɗe yana tarawa, har da buga ƙafa, haƙoran suka yi tsalle suka faɗa cikin kofin kununsa, tsulum. Ya dube su, ya dubi jikarsa, ya ƙara fashewa, baki wayam, hawaye na zuba. Rabon da ya ji daɗi haka har ya manta.

"Kin ci, ja'ira, kin ci. Miƙo mini riga."

Da ya sa rigar, ya laluba aljihu ya ciro wani farin goro babba, wanda ya daɗe yana ajiya don ya ƙi jinin ya goga shi a magogi kamar sauran tsofaffi. Ya danƙa mata a hannu.

"Ungo, tukwicin mai riƙo. Amma ki raba biyu ki aje mini rabi. In na warke, a tsakiyar majalisa zan ci shi, da haƙori."